Layin da Barba Roko Ya Ja

"Rufe na hagun," in ji likitar. "Yanzu dubi bakin ƙofar can. A miƙe yake ko a karkace?"

Barba Roko ya ɗora faffaɗan tafinsa a kan idon hagu. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Vinka, 'yarsa tilo, tana zaune a bayansa kusa da mahaifiyarta Perina, tana ganin yadda jijiyar wuyansa ke harbawa.

"Wanda ya kafa muku ƙofar nan ba kafinta ba ne," ya ce. "Ta yi ciki a tsakiya."

"Sauya. Rufe na daman."

Ya sauya. Wannan karon ƙofar a miƙe take. Ya sauke hannun a hankali ya ajiye a gwiwa.

Barba muke ce wa dattijo a wajenmu. Tun yana saurayi mutumin nan yake sassaƙa jiragen katako a tsibirinmu, kamar ubansa da kakansa, kuma ba a taɓa ganinsa da takardar zane ba. Haka muka gada. A runtse ido ɗaya, a kwantar da kunci a jikin katako, a hango layi, a ja fensir. Idon dama shi ne ma'auninsa. Yau ga shi ana gaya masa ma'aunin ne ya karkace.

Likitar, wata dattijuwa mai gajeren gashi, ta juyo masa da hoton da na'ura ta ɗauka.

"Barba, ka san yadda fenti ke tashi a jikin jirgi idan ruwa ya shiga ƙarƙashinsa?"

"Ni za ki koya wa?"

"To haka ne a nan. Can a bayan ido akwai wani siririn tantani, a kansa duk abin da ka gani yake sauka. Ruwa ya tsattsafo daga hanyoyin jinin da ke ƙarƙashinsa ya ɗaga shi. Shi ya sa miƙaƙƙe yake zame maka karkatacce."

"Ruwan daga ina? Ni ba na kuka."

"Da kana yi, wataƙila da ya fi maka sauƙi." Ta kama wuyan hannunsa, ta yi shiru tana sauraron bugun. "Kana shan wani magani? Allurar ciwon baya, ko man shafawa?"

"Ba na shan komai sai abin da inabi ya bayar."

"Barci fa?"

"Wane barci!" Perina ta karɓe. "Juyi yake yi kamar kifi a kasko, gumi ya jiƙa matashi, abinci ya tsaya masa a ƙirji."

Likitar ta gyaɗa kai.

"Akwai jijiyoyi a jikin mutum da ba sa neman izininsa. Su ke kaɗa zuciya, su ke fitar da gumi, su ke buɗe hanyoyin jini su tsuke su. Kashi biyu ne, masu zuga da masu lallashi. Idan mutum ya daɗe cikin fushi ko fargaba, masu zugar sai su ƙi sauka. Wannan ciwon mun fi ganinsa ga maza masu zafin zuciya, masu haɗiye damuwa. Ban ce shi kaɗai ne dalili ba, mu ma ba mu gama sani ba. Amma tare suke tafiya. Akwai abin da ya ɗaga maka hankali a bana?"

Perina ce ta juya, a hankali, ta zuba wa 'yarta ido.

Vinka ta kawar da kai.

"Abin da nake so in sani shi ne tun yaushe," likitar ta ci gaba. "Idan sabo ne, yawanci ruwan yana janyewa da kansa, sai mu jira. Idan ya yi watanni, jira hatsari ne, tantanin zai iya lalacewa ba gyara. Sai in tura ka Zagreb, babban birni, a toshe wurin da haske. Hoton nan ya sa ni shakka."

"Sati biyu. Na ga baƙin tabo a jarida, shi ke nan."

"Ka tabbata? Mai ido biyu yakan daɗe bai lura ba. Lafiyayyen yana rufa wa ɗan'uwansa asiri."

"Ni da ido ɗaya nake aiki, 'yar nan. Tun bikin Ista nake kan aikin wani jirgi, kowane katako da wannan idon na ja layinsa. Ki shiga jirgin fito ki zo ki gani. In kin sami inda ya kauce ko da kaurin farce ne, ki cire idon ki ba kifi."

Likitar ta sake duban hoton, ta dube shi.

"To, hujjarka ta fi tawa ƙarfi. Mu jira wata biyu. Amma a bar shi ya huta. Kada a ɓata masa rai."

Ga Perina ta faɗi wannan. Amma Vinka ce ta sunkuyar da kai.

*

A jirgin fito na komawa, Barba Roko ya shige ciki ya zauna shi kaɗai. Perina ta ja 'yarta zuwa baya, inda ƙarar inji ke rufe magana.

"Kin dai ji da kunnenki."

"Mama, ta ce ba shi kaɗai ne dalili ba."

"Ta ce, ta ce! Ni nake kwana kusa da shi. Tun ranar Ista da kika tsaya a gaban tebur kika ce ɗan tudun nan kike so, ubanki bai sake barci irin na mutane ba."

Ɗan tudun shi ne Rade, mai taya Barba Roko aiki. Daga ƙauyukan bayan duwatsu ya sauko neman sana'a, cocinsu daban da namu, ranar Istarsu ma daban. Daga waɗancan duwatsun ne wuta ta sauko lokacin yaƙi ta kashe Frane, ƙanen Barba Roko.

"Rade bai kashe Baffa Frane ba," in ji Vinka. "Rarrafe yake yi lokacin."

"Na sani. Ubanki ma ya sani, shi ya sa ya ɗauke shi aiki ranar da duk tsibiri ya ce kada ya ɗauka. Amma ba wa mutum gizago daban, ba shi 'ya daban."

"Pape ya ce idan jirgin da suke sassaƙawa ya sauka ruwa, zai ba Rade amsar neman aurena. Bai ce a'a ba, Mama." Pape take kiran ubanta.

"Don ke ya faɗa. Yana haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa, ga shi nan ya fito masa ta ido."

Hawaye ya ɓalle wa Vinka. Ta kama ƙarfen jirgin da hannu biyu.

"To ya kike so in yi?"

"Ban ce ki auri Lovre gobe ba. Ke ba yarinya ba ce, kina da aikinki, ba mai ɗaura miki igiya. Cewa na yi ki sallami yaron nan ubanki ya huta." Perina ta sassauta murya, ita ma idonta ya cika. "In ya makance, Vinka, ke za ki riƙa jan hannunsa zuwa coci. Kullum kika kama hannun za ki tuna. Ni ba na so miki wannan. Na fi son ki yi kukan namiji da ki yi kukan uba."

Ga tambayar da ni kaina ban gama warwarewa ba: idan sonka ya zame wa wani cuta, alhali ba ka nufe shi da sharri ba, laifin na wa ne? Vinka ba ta tsaya neman amsa ba. Ta riga ta ɗauki laifin ta aza a kanta tun kafin jirgi ya kai gaɓa.

A gaɓa Lovre na jiransu da motarsa. Ubansa ne mai tashar jiragen masu yawon shaƙatawa, shi ne kuma ya ba da aikin jirgin da ake sassaƙawa. Lovre ne ya yi ta buga waya har ya samo musu ganin likitar nan da wuri.

"Barba! Me suka ce? Za su sa maka tabarau ka koma farfesa?"

"Ubanka ne farfesa. Buɗe mini ƙofa."

Lovre ya yi dariya ya buɗe, ya karɓi jakar Perina, sannan ya dubi Vinka.

"Malama, iskar teku ce ta ja miki ido haka?"

"Ita ce."

"Muguwar iska," ya ce a hankali, bai ƙara ba.

Mafi wahalar abokin takara shi ne wanda ba ka da abin zarginsa. Kafin su kai gida Perina ta gayyace shi cin abincin yammacin gobe.

*

Washegari Barba Roko bai huta ba. Da safe ya sauka filin sassaƙa da ke bayan gidansa a bakin ruwa, ya ja layukansa kamar kullum, ya bar wa Rade yankan. Da rana ta take, tsibiri ya kwanta barcinsa na bayan abinci, Vinka ta zare takalmi ta sauka ta ƙofar baya.

Ta tsara maganarta tun safe. Za ta faɗa a tsaye, ba za ta bari ya taɓa hannunta ba.

Jirgin na tsaye a kan katakan tallafi, haƙarƙarinsa sun kusa rufuwa, ƙamshin ɗanyen itace da kwalta ya cika wurin. Rade na durƙushe a inuwarsa, ya ba ta baya. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta ga abin da yake yi.

Ya lasa babban yatsansa yana goge layin fensir a jikin katako.

A filayen sassaƙa na gaɓarmu doka ɗaya ce ba ta da kaffara. Layin maigida ba a goge shi. Kana iya yi masa gardama, kana iya jefar da guduma ka zage shi, gobe ku sha kofi tare. Amma wanda ya goge layi, maigida da hannunsa zai ɗauki akwatin kayan aikinsa ya ajiye a bayan ƙofa, kuma ba wani fili da zai sake karɓarsa.

"Rade! Me kake yi?"

Ya zabura, fensir ya faɗi daga kunnensa.

"Vinka... ba abin da kike zato ba ne."

"Layin Pape ne wannan?"

Ya zauna a ƙasa.

"Nasa ne."

"Ka haukace? Saura kaɗan jirgi ya sauka, saura kaɗan ya ba ka amsa, kai kuma..."

"In na yanka a kan layinsa katakon ba zai zauna ba. Dubi nan. Yana tafiya daidai, daidai, sai ya kumbura a tsakiya. Kullum a wuri ɗaya."

Vinka ta sunkuya ta duba.

"Kullum?"

"Da safe ya ja, ya tafi cin abinci, in gyara in yanka. In ya dawo ya tsaya nesa ya duba da ido biyu, ya ce aikinsa ya yi kyau. Aikinsa ne ai. Ni ɗan wuri kaɗan nake taɓawa."

"Tun yaushe, Rade?"

"Ba daɗewa bayan Ista. Da farko ya riƙa zagin mai sayar da katako, wai itacen bana duk a murɗe yake. Na zaci gajiya ce. Na ce babba ne, ba zan kunyata shi ba, musamman a lokacin da yake jin haushina."

Vinka ta dafe bakinta da hannu biyu. Kukan ya ƙi tsayawa, ya fito ta tsakanin yatsunta.

"Mene ne? Me likitar ta ce? Ya ce mini ba komai, wai hutu kawai."

Ta gaya masa. Ta gaya masa batun tantanin da ruwan, da jijiyoyin da ba sa neman izini, da wata biyun jira, da hujjar da ubanta ya kafa da jirgin nan har likita ta janye shakkarta.

Rade ya ɗaga kai ya dubi jirgin. Fuskarsa ta koma kamar toka.

"Wato da na bar shi ya karkace..."

"Da tun watan Mayu ya gani."

"Garin neman gira," ya ce, bai iya ƙarasawa ba.

Vinka ta zube kusa da shi a kan ɓawon itace. Ta manta da alkawarin da ta yi wa kanta, ita ce ma ta kama hannunsa.

"Ni na kunna wutar, kai ka rufe hayaƙin. Mu biyu muka haɗu a kan idon tsoho ɗaya, kowa yana cewa so yake yi."

"Ke ba ki yi komai ba. Gaskiya kika faɗa a gaban tebur."

"Gaskiyar ce ta hana shi barci! Ka san abin da ya kawo ni yanzu? Na zo in sallame ka ne. Tun safe nake maimaita maganar a gaban madubi kamar mahaukaciya."

Ya dube ta, bai yi mamaki ba.

"To faɗa mana."

"Na ɗan lokaci nake nufi. Har idon ya warke, har jirgi ya sauka, har Mama ta huce. Na ce a raina za mu jira. Amma in ya ji wannan, Rade, babu sauran har."

"Na sani."

"Kada ka faɗa masa. Ni zan kira likitar a ɓoye."

"Sai me? Ta ce ya tafi Zagreb, ya ce a kan me? Ya sake nuna mata jirgin. Kin san ubanki. Ba zai bar fili ya hau mota don maganar mata biyu da na'ura ba. Sai ya ga layinsa da idonsa."

"To ka ce sau ɗaya ne ka yi, bisa kuskure."

"Sau ɗaya ba ya nuna watanni."

"Ta ce kada a ɓata masa rai! In ka faɗa, jininsa zai hau, ruwan ya ƙaru!"

"In na yi shiru kuma ruwan na nan yana ci." Ya yi wata dariya mara daɗi. "In na faɗa ni ne, in na yi shiru ni ne. Babana yakan ce mutanen teku ba sa yafe mana komai. Bai san wata rana zan zo in ba su dalili na gaske ba."

Vinka ta kifa kanta a kafaɗarsa.

"Wata biyu ne kawai. Wataƙila ruwan ya janye da kansa. Ta ce yakan janye."

"Ta ce in sabo ne."

"Wataƙila..."

"Za ki iya zama da ni a kan wataƙila? In muka yi aure, ya zo cin abinci gidanmu yana laluben cokali, za ki iya kallona?"

Can daga sama suka ji tagar ɗakin Barba Roko ta buɗe, suka ji tarinsa.

Vinka ta miƙe da sauri, tana share fuska.

"Ka yi mini alkawari ba yau ba. Lovre zai zo. Ba a gabansa ba, Rade, don Allah."

Rade ya ɗauki fensirin daga ƙasa. Layin da ya fara gogewa rabinsa na nan. Bai ƙarasa gogewa ba, kuma bai yi mata alkawarin ba.

*

Da yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna, aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Gasasshen kifi, dankali da ganye da man zaitun. Lovre na ba da labarin wani Bajamushe da ya ɗaure jirginsa a jikin kujerar mai sayar da kofi, Perina na dariya fiye da yadda labarin ya kai. Vinka na juya abinci a faranti.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar da ke tsakanin gida da fili.

Rade ne. Ya yi wanka ya sa farar riga, ga dogon katako a kafaɗarsa.

Perina ta tare shi.

"Muna da baƙo. Maganar aiki sai gobe."

"Bar shi," in ji Barba Roko. "Mene ne? Ka fasa mini itace?"

"Barba, ina so mu yi magana mu biyu."

"Ba baƙo a teburin nan. Faɗi."

Rade ya haɗiye wannan ma. Ya jingina katakon a bakin tebur. Layuka biyu ne a jikinsa, suna tafiya tare, su rabu a tsakiya, su sake haɗuwa.

"Ɗaya naka ne na safiyar yau. Ɗaya nawa. Ka rufe idon dama ka duba da na hagu, ka gaya mini wanne ne daidai."

"Naka?" Barba Roko ya ajiye cokali. "Ka ja layi a kan layina?"

"Ka duba tukuna, Barba. Bayan nan ka yi mini duk abin da ka ga dama."

"Rade," in ji Vinka.

Tsohon ya tashi. Ya sunkuya ya kwantar da kuncinsa a jikin katakon. Hannunsa ya nufi idon hagu bisa sabo, sai ya tsaya, ya koma ya rufe na dama.

Ana jin ruwa na dukan duwatsun gaɓa.

Da ya ɗago, gumi ya tsattsafo masa a goshi, leɓɓansa sun yi fari.

"Tun yaushe?"

"Ba daɗewa bayan Ista. Da farko jefi-jefi. Daga watan Yuni, kusan kowane katako. In ka tafi hutun rana nake gogewa."

"Ya Uwa Maryamu!" Perina ta dafe ƙirji. "Roko, zauna! Kai kuma kashe shi ka zo yi? Ba ka ji an ce kada a ɓata masa rai ba?"

"Na ji, Inna. Na kuma ji an ce in ya yi watanni, jira hatsari ne. Ya yi watanni."

Lovre ya yi gyaran murya.

"Barba, jirgi dai ya yi kyau. Babana ba zai ji komai daga bakina ba. Sunanka ne a jiki, wa zai sani?"

"Ci kifinka, Lovre."

Barba Roko bai ɗauke ido daga Rade ba.

"Tambaya ɗaya. Don ni ka yi, ko don kanka?"

Vinka ta dubi Rade, idonta na roƙonsa. Amsa mai sauƙi na nan a kusa, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta.

"Da farko don kai," ya ce. "Ban so ka ji kunya ba. Amma da tafiya ta yi nisa na gane ba gajiya ba ce, na san akwai abin da ke damun idon. Na yi shiru. Na ji tsoron in na faɗa ka ce ɗan tudu ya raina ka, ka hana ni Vinka. Na ce bari jirgi ya sauka tukuna. Daga nan don kaina ne, Barba."

Vinka ta rufe fuska.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ratsa ta gefensa ya sauka fili. Suka ji ƙarar ƙarafa, yana tattara gizago da zarto da guduma yana jefawa a akwati. Ya fito yana jan akwatin da hannu ɗaya, yana haki, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke.

Vinka ta sha gabansa.

"Pape, kawo."

"Matsa. Maigida ne ke fitar da shi."

"Na sani. Hannunka ne, ni ɗauka kawai zan yi. Dubi yadda kake numfashi. Pape, don Allah, kawo."

Ya sake mata. Ya koma ya faɗa kan kujera, Perina na yi masa fifita da tsumman tebur.

Akwatin ya yi mata nauyi, amma ba ta bari Rade ya taimaka ba. Ta ratsa tsakar gida da shi, ta buɗe ƙofar titi, ta ajiye a waje. Rade ya fito ya tsaya kusa da shi. Ita tana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki.

"Da ka tsaya a 'don kai'," ta ce, hawaye na zuba. "Da ka tsaya a nan kawai."

"Da na sake goge masa wani layin ke nan."

"Ina za ka?"

"Jirgin fito na ƙarshe bai tashi ba."

"Rade, ni..."

"Vinka!" muryar Perina ta taso daga ciki. "Zo! Hannun ubanki ya ƙi tsayawa, ya kasa danna wayar! Wai ki kira masa matar nan!"

Vinka ta waiwaya ciki, ta dawo da kallonta gare shi.

"Je ki," ya ce. "Kada likitar ta tashi daga aiki."

Ta shiga. Ƙofar ta rufu.

Rade bai tafi nan take ba. Ya tsaya a titi, ga akwatinsa a ƙasa, maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ga akwatin ta koma da sauri don ta kai labari. Ta bayan katanga ya jiyo muryar Vinka, a dishe, tana ƙoƙarin daidaita ta.

"Likita? Vinka ce, 'yar Barba Roko, na jiya. Ba sati biyu ba ne. Tun Ista ne... E, ya yarda. Zai je. Ki faɗi ranar kawai."

Sai a lokacin Rade ya sunkuya ya ɗauki akwatin, ya gangara zuwa gaɓa.